Yadda Na Rufe Bakin Kaka, Auta Ta Yi Shiru

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar wata Juma'a, a tsakar gidanmu da ke Nguru, a nan na fara ɓata abin da ban san darajarsa ba. Na san lokacin daidai ne domin ni na rubuta shi da hannuna a saman shafi, kamar yadda nake rubuta komai a wancan zamani. Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu, ina kuma roƙon a bar sunana da na mutanen gidanmu a ɓoye. Samun yarinya irin ƙanwata ba abin kunya ba ne. Ni ce dai har yanzu nauyin abin da na yi bai gama sauka daga kaina ba.

A lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ina ajin ƙarshe a wata babbar makaranta a Gashuwa, a sashen koyar da yara masu buƙata ta musamman. Ni mutum ce marar magana. Tun ina ƙarama, in baƙi suka yi sallama sai in shige bayan ƙyaure da littafina, in zauna har su tafi. A aji ban taɓa ɗaga hannu ba ko da na san amsa. Abin da bakina ya kasa, biro ne ke yi mini. Kowane littafina na ja masa layi da rula, kowane shafi da kwanan wata da lokaci. Baba, wanda ke sayar da bandar kifi a kasuwar Nguru, Dakta yake kirana, in yana son tsokana sai ya miƙo mini kofin shayinsa ya ce in auna masa zafin. Shi mutumin Dagona ne, Badanci, harshen mutanen can, ya fara ji a duniya, amma kasuwa ta mayar da bakinsa Hausa. Umma kuwa iyayenta 'yan kasuwar Haɗeja ne, saboda haka da Hausa muka tashi. Badanci sai dai ina tsintar kaɗan.

Ƙanwata, wadda zan kira Auta domin ita ce autar, tana da shekara biyar. Yarinya ce mai manyan idanu, amma idanun ba sa sauka a fuskar mutum, sai su bi ta gefen kunnenka kamar akwai abin da ya fi ka kyau a bayanka. Ba ta amsa sunanta. In babur mai ƙafa uku ya wuce ta ƙofar gida sai ta toshe kunnuwa ta durƙusa. Tana iya yin awa guda a gindin randa tana kallon ɗigon ruwa yana taruwa kafin ya faɗo, tana kaɗa 'yan yatsunta kusa da ido. An yi tofi, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Daga baya Baba ya kai ta wani babban asibiti a Kano, likita ya ce otizim ne, wanda wasu ke ce wa galahanga, sunan da ban taɓa so ba. Ya ce ba aljanu ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne, haka ƙwaƙwalwarta ke karɓar duniya, abin da take buƙata shi ne haƙuri da koyarwa. Da lokacin binciken kammala karatu ya zo, ban yi dogon tunani ba, na zaɓi batun harshe a wurin yara masu otizim, na kuma ce a raina Auta ce za ta zama hujjata.

Mutum ɗaya ce kawai Auta take zama kusa da ita har jikinsu ya haɗu, ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Ta dawo wurinmu ne bayan rasuwar kakanmu, ta baro Dagona da jikinta amma hankalinta na can. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da addu'a ba, kuma tana jin nauyin yinta. Kullum bayan azahar takan shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar maina, wato darbejiya, Auta ta zo ta jingina bayanta da haƙarƙarin Kaka, kowa na kallon gefensa. Sai Kaka ta fara magana da Badanci a hankali, kamar mai yi wa kanta. Takan faɗi yadda ruwa ke shigowa fadama, yadda masunta ke kwanciya rub da ciki a kan manyan goruna suna yawo a saman ruwa, da tsuntsayen da ke zuwa daga ƙasashe masu nisa in sanyi ya shigo. In na zauna a ɗaki ina karatu, muryar takan shigo ta taga, sai in ji kamar tsakar gidanmu ta cika da ruwa har gwiwa. Daga cikin wannan hira Auta ta ɗebi 'yan jimloli. Ba ta cewa Umma, ba ta cewa Baba, amma sai ka ji ta ce da Badanci, da irin muryar Kaka sak, wai ruwa ya shigo fadama, ko a ja gora gaɓa, ko iska ta juya, ko kuma dinyoyi sun tashi, wato manyan agwagin nan na ruwa.

A shagon da muke ɗaukar hoton takardu a bakin makaranta na tsinci abin da ya ruɗe ni. Wasu shafuka ne da aka ɗauko daga wani littafi, babu bango, babu sunan marubuci, babu shekara, sun sha hannu har rubutun ya fara dushewa. A ciki aka ce yaron da ke da irin wannan matsala kada a haɗa masa harshe biyu, a zaɓi ɗaya, wanda zai yi makaranta da shi, kowa a gida ya tsaya a kai. A wani shafin kuma aka ce maimaita jimlolin da yaro ya ji ba magana ba ce, ɗabi'a ce da ya kamata a rage. Na karanta sau uku a cikin motar Gashuwa zuwa Nguru. Ta taga ina ganin ruwa yana ƙyalli a tsakanin ciyawar kachalla, balbelu sun jeru fari fat, ni kuma ina mafarki ido biyu. Na ga Auta sanye da kayan makaranta tana gaishe ni da Hausa. Na ga kaina a gaban malamai ina bayani ba tare da muryata ta yi rawa ba. Ban nuna wa malamar da ke duba bincikena takardun ba. Na so in kai mata sakamako ne a gama, domin tambaya tana buƙatar buɗe baki, ni kuma shi nake gudu.

Ranar Juma'ar nan Baba ya dawo da wuri, yana zaune a tabarma bayan la'asar, Umma na tsintar shinkafa, Kaka da Auta suna gindin maina. Na fito da takarduna na tsaya a tsakiya. Na yi magana ta minti goma sha ɗaya, na duba agogo. A rayuwata ban taɓa yin doguwar magana haka ba. Baba ya saki baki yana kallona, sannan ya ce wa Umma ashe Dakta tana da murya, shi da ya ɗauka a asibiti aka manta da ita ranar haihuwa. Umma ba ta yi dariya ba, idonta ya kawo ruwa, ta tambaye ni ko da gaske in an yi haka Auta za ta kira ta. Na ce mata takarda ce ta faɗa. Baba ya tambaya, to Kaka fa, da Hausarta ba ta kai cikin cokali ba. Na ce ta yi ƙoƙari da Hausar, in ta gagara ta yi haƙuri ta yi shiru a gaban Auta, na wata shida kawai, har da hirar fadamar. Baba ya juya ya fassara mata. Kaka ta daɗe tana kallona, irin kallon da ban gane ba a lokacin. Sannan ta yi murmushi ta ce ta ji, sai dai Hausarta kamar tsohuwar komar kamun kifi ce, duk abin da ta kama ta ƙasa yake zubewa. Aka yi dariya. Na rubuta lokacin a saman shafi, a ƙasansa na rubuta cewa doka ta fara.

Na yanka kwali na zana hotuna, kofi da ruwa da tuwo da takalmi, na rubuta sunan kowanne. Sau biyu a rana ake zaunar da Auta a kujera, ni in ina gida, Umma in na koma Gashuwa. Nakan riƙe haɓarta in juyo fuskarta ta dube ni, in nuna kati in faɗi sunan, in ta motsa baki in ba ta gutsuren dabino. Littafina na raba shi gida biyu, gidan dama na kalma mai ma'ana, gidan hagu na maimaici. Duk jimlar Badanci da ta fito daga bakinta gidan hagu nake jefa ta, in kau da kai kamar ban ji ba, haka kuma na koya wa Umma. Saboda ɗabi'ata ta rashin barin komai, a gefen shafi nakan rubuta abin da ake yi a gidan a daidai lokacin, wa ya shigo, wa ya fita, me Umma ke riƙe da shi. Ban san amfanin hakan ba, hannuna ne kawai ya saba.

Kaka ta yi ƙoƙari. Kwana huɗu ta yi tana harhaɗa Hausa a gindin maina, amma hirar ta rasa kiɗanta, ta zama kamar mai tafiya a kan tsakuwa ba takalmi. Ruwa bai shigo ba, tsuntsaye ba su sauka ba. A rana ta biyar ta yi shiru. Ta ci gaba da shimfiɗa tabarmar, Auta ta ci gaba da jingina da ita, amma babu abin da ke shigowa ta tagata sai ƙarar ganye. Sai Auta ta fara wani abu. Takan juyo ta ɗora tafin hannunta a kan leɓen Kaka, ta jira, sannan ta sauko da shi kan maƙogwaronta, ta sake jira. Kaka takan kama hannun ta sumbata ta mayar mata da shi cinya. Na ga wannan da idona ta taga, Edita. Abin da na yi shi ne na rubuta cewa ta taɓa bakin Kaka sau bakwai, na ja layi a ƙasa.

A mako na tara Kaka ta ce za ta je Dagona, wai ana yankan shinkafa kuma ƙanen Baba ba shi da mai lura masa. Kowa ya san Kaka ta wuce riƙe lauje, amma ba wanda ya hana ta. Baba ya ce mata ta gaishe masa da shinkafar, ta ce za ta ji, in ta tambaye shi kuma za ta ce ya zama Bahaushe. Da safe ta ɗaure ƙunshinta, ta shafa kan Auta, ba ta ce mata uffan ba, domin har a lokacin tana riƙe da dokata. Auta ta bi ta har zaure, ta tsaya tana kallon bango. Da motar ta tashi sai ta ce, da muryar Kaka, dinyoyi sun tashi. Na rubuta a gidan hagu. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta fito daga bakinta har tsawon watanni.

Bayan haka gidan hagu ya zama fari, gidan dama kuwa dama bai taɓa samun komai ba. Auta ta daina zuwa gindin randa. Takan tsaya a ƙofar ɗakin Kaka ta manna goshinta da ƙyaure. In ta ga na ɗauko katin sai ta fara buga kanta da hannu. Abinci sai an yi da gaske. Umma ta rame, amma in ta tambaye ni sai in ce mata haka abin yake, sai tsohon ya fita sabon ke shiga. Ban karanta wannan a ko'ina ba, ni na ƙirƙira don in kare kaina. Da rana nakan fita in bi tsohon layin dogo, inda ciyawa ta tsiro a tsakanin ƙarafa, in yi ta tafiya ina tunanin kalmomin Hausa suna taruwa a cikin Auta kamar ɗigon nan na ƙasan randa, wata rana za su faɗo gaba ɗaya. Mafarkin yana da daɗi. Shi ya sa na ƙara mako shida a kai.

Da lokacin miƙa babi na uku ya yi, dole na kai wa malamata littafin. Dattijuwa ce mai sanyin murya, tana rataye tabaronta da zare a wuya. Ta karanta a hankali, ta nemi takardun da na dogara da su, ta juya su gaba da baya ta tambaye ni wa ya rubuta, a wace shekara. Na ce ban sani ba. Ta ce an taɓa ba iyaye irin wannan shawara sosai a da, amma masu binciken da suka zo daga baya sun kwatanta yara masu otizim da suka tashi da harshe ɗaya da waɗanda suka tashi da biyu, ba su ga harshe na biyu ya mayar da su baya ba. Ta ce abin da ke cutarwa shi ne a hana mutanen gida harshen da bakinsu ya saba da shi, domin daga nan sai maganar da ake yi wa yaron ta ragu. Ta ce maimaita jimla ma, a wurin yara da yawa, hanyarsu ce ta faɗin abin da ke ransu kafin su iya haɗa tasu. Ta yi mini faɗa ba tare da ɗaga murya ba, ta ce ba a gwada abu a kan yaro kafin a nuna wa wanda ya sani, ita ma kuma da laifinta da ta bar ni shiru tsawon nan ba ta neme ni ba. Na tambaye ta ko ni na ɗauke wa Auta magana. Ta ce ba za ta rantse ba, domin akwai yaran da kalmominsu ke ɓacewa ba tare da an yi komai ba, amma in fita waje in sake karanta littafina, in bar gidajen biyu, in karanta gefen shafi kawai.

A gindin wata bishiya a harabar makaranta na zauna na karanta. Duk inda na rubuta ruwa ya shigo fadama, a gefe akwai Umma na zuba ruwa a randa, ko an gama cin abinci, ko rana ta take. Ƙishi take ji. Duk inda aka ce a ja gora gaɓa, a ƙarshen zaman kati ne, ko dab da ta yi barci. Cewa take ta gaji, a bari haka. Iska ta juya kuwa kullum kafin ta fara kuka ne, in an kunna injin markaɗe a maƙwabta. Sai na zo kan dinyoyi. Baba ya fita kasuwa. Maƙwabciya ta yi sallama ta tafi. Ni na ɗauki jaka zan koma Gashuwa, sau biyar, kowane Lahadi. Ashe duk sanda zan tafi ƙanwata tana yi mini sallama, ni kuma ina kau da kai ina rubuta cewa ba ta ce komai ba. Na buɗe shafin ranar da Kaka ta tafi, na daɗe ina kallon rubutuna mai kyau, babu ko kuskure ɗaya a ciki.

Daga tasha kai tsaye na wuce rumfar Baba a kasuwa. A cikin ƙamshin banda da hayaniyar masu ciniki na faɗa masa komai. Ya ajiye kifin da ke hannunsa, sannan ya ce shi ma tun farko abin bai kwanta masa ba, amma shi wane ne da zai yi gardama da takarda. Bai ce mini Dakta ba, da sunana ya kira ni, ya ce in je gida in faɗa wa Umma da bakina. Umma ta saurare ni har na gama. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi ashe duk ranakun nan yarinyar ruwa take roƙonta tana kau da kai. Sannan ta tashi ta shiga haɗa kayan Auta.

Washegari da hantsi muka isa Dagona. Lokacin sanyi ne, ruwa ya kwanta shimfiɗe har inda ido ya tsaya, tsuntsaye sun rufe shi kamar an baza farin zane da baƙi. Can nesa masunta na yawo a kan gorunansu, ba ka jin komai sai kukan tsuntsu da motsin kachalla. Duk abin da na riƙa ji ta taga shi ne a gabana. Kaka na zaune a gaɓa tana ɗinkin koma. Auta ta sauka daga mota, ba ta yi gudu ba, ta tafi a karkace kamar yadda ta saba, ta zagaya, ta zauna ta jingina bayanta da haƙarƙarin Kaka. Sannan ta juyo ta ɗora hannu a kan leɓenta. Kaka ba ta buɗe baki ba. Ni ta ɗago ta kalla. A nan na gane har yanzu izinina take jira. Baba ya buɗe baki zai faɗa a madadina, Umma ta taɓa hannunsa. Na tattaro ɗan Badancin da nake da shi na ce mata ta yi magana, na tuba. Kaka ta yi dariya har ta share ido, ta ce wa Baba Badancin nan nawa ya fi Hausarta lalacewa, nata koma ce mai huji, nawa kuwa hujin ne kawai babu koma. Sannan ta juya ga ruwa ta fara. Auta ta sauko da hannunta kan maƙogwaron Kaka ta lumshe ido. Ba ta ce komai ba ranar. Amma ta ci shinkafa da kifi har ta miƙa hannu a ƙara mata.

Bayan mako guda Kaka ta biyo mu Nguru. Sai da aka yi wata huɗu kafin Auta ta sake cewa ruwa ya shigo fadama, Umma kuwa kafin ta rufe baki ta miƙa mata kofi har tana zubar da rabi. Yanzu an kusa shekara biyu. Tana da jimlolin Kaka, tana kuma da 'yan kalmomin Hausa da ta ɗauka a bakin Umma a kicin, ba a kujera ba. Katunan ma suna nan, amma ba mai riƙe mata haɓa, ita ke ɗauko wanda take so ta ajiye a cinyar mutum. Ban ce ta warke ba, otizim ba zazzaɓi ba ne da zai sauka. Akwai kuma abin da bai dawo ba. Har yau ba ta sake cewa dinyoyi sun tashi ba. In zan yi tafiya nakan tsaya a zaure da jakata in ɗan jira, ita kuma tana kallon bango. Binciken nawa na sake shi daga farko, na ƙara zango guda, kuma gefen shafin nan ne ya zama jikinsa.

Abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne, a gidajenmu ana ganin girman takarda fiye da yadda muke zato. In ka fito da ita ka ce bincike ya nuna, uwa za ta danne abin da zuciyarta ke faɗa mata, uba zai yi shiru, tsohuwa za ta rufe bakinta. Saboda haka ka san wa ya rubuta, yaushe, ka kuma kai wa wanda ya fi ka sani kafin ka taɓa yaron wani, balle na gidanku. Ga iyayen yara irin Auta kuma, musamman mu na nan da gida ɗaya ke ɗauke da Badanci ko Barbarci ko Fulatanci tare da Hausa, kada ku bari a raba yaro da harshen wanda yake sake jiki da shi. Ku je asibiti, ku nemi malaman da suka san aikin, ku yi tambaya har ku gamsu. In yaro na maimaita wata magana, kafin ku ce shirme ne, ku duba me ke faruwa a gidan a lokacin da yake faɗinta.

Akwai tambayar da na daɗe ina riƙe da ita, sai kwanan baya na iya yinta, da Badancin da Kaka ke koya mini yanzu a gindin maina. Auta na jingine da ita a gefe ɗaya, ni ina ɗaya gefen. Na tambaye ta me ya sa ta yarda ranar Juma'ar nan, alhali ta fi kowa sanin Auta, kuma da ta ce a'a Baba ba zai ƙetare maganarta ba. Ta ci gaba da murza zaren da ke hannunta. Can ta ce ta sani tun a ranar cewa ba daidai ba ne. Ta ce amma Allah ya ba ta jikoki biyu marasa magana a gida ɗaya, kowa yana ganin ƙaramar, ba mai ganin babbar. Tun ina goye take jiran ta ji muryata a tsakar gida, sai ga shi ranar na miƙe a gaban ubana ina magana, da takarda a hannuna. Ta dubi Auta ta dube ni, ta ga in ta ce a'a zan koma bayan ƙyaure, wataƙila ba zan sake fitowa ba. Ta ɗauka Auta za ta iya jiranta wata shida, a nan ita ma ta yi nata kuskuren, saboda haka in daina ɗaukar kayan ni kaɗai. Sannan ta gyara zama ta ce in matso kusa in ci gaba da magana, tana ji.